Daren da Na Kai 'Yan Tsakina Akurki

Sa'ad da na ke ɗan shekara goma, ina aji huɗu a makarantar ƙauyenmu cikin ƙasar Katsina, kakata ta wajen uba, wadda mu ke kira Iya, ta ba ni kyautar kaza. Wata 'yar wake-wake ce, ba ta da girma ainun, amma akwai ta da ƙwai. Ran da ta miƙo mini ita ta ce, "Ungo jarinka, maigida. In ka iya kiwo, kaza ta zama akuya, akuya ta zama saniya, ka sami abin biyan sadakina." Kun dai san irin wasan da ke tsakanin jika da kakarsa. Na yi dariya, na karɓa da hannu biyu, amma zancen akuyar nan bai fita daga raina ba. Ko a aji, in malam ya juya yana rubutu a allo, sai in shiga lissafin kaji nawa za su sayi akuya.

Bayan an gama girbi kazar ta tara ƙwai goma sha biyu, ta hau kwanci. Kwana 21 kaza kan yi bisa ƙwai kafin ta ƙyanƙyashe, ni kuwa kowace safiya sai na ja layi ɗaya da gawayi a bangon zaure don kada ƙirgan ya ɓace mini. A farkon watan Disamba 'yan tsaki goma suka fito, ƙwai biyu suka zama baragurbi. Murnar ba ta daɗe ba. Suna da kwana goma a duniya, wani dare muzuru ya ture murfin tsohon akurkinmu, ya kama uwar da tsako ɗaya. Da gari ya waye ba mu tarar da kome ba sai gashinta a warwatse, da marayu tara a maƙale cikin lungu suna ta kuka.

Iya ta kwashe su cikin zanenta ta kai ɗakinta. Tana da gadon ƙasa irin na tsofaffi, wanda a ke zuba garwashi ƙarƙashinsa lokacin sanyi. Ta sa na kawo babban kwando, muka shimfiɗa ƙaiƙayi a ciki, muka ajiye shi daf da gadon. In dare ya yi sai a rufa masa tsohon zane, a bar 'yar kafa ta shan iska. Gadon nan shi ya zama uwarsu. Ni kuwa aikina ciyarwa. Inna ta kan ɗebar mini tsakin gero da 'yar dusa. Da yamma in cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara, in yayyafa ruwa, in kife ta a bakin shuri, da safe in kwaso ta cike da gara. Da kun ga yadda su ke rububin garar nan, da kun yi dariya. Ruwan shansu a murfin kwano na ke zubawa, in jera tsakuwa a ciki, domin tsako ba shi da wayo, ya kan faɗa cikin ruwa ya jiƙe, jiƙaƙƙen tsako kuwa yana bakin mutuwa.

A nan ya kamata in dakata in gaya muku dalilin wannan ɗawainiya duka, ko da ya ke ni kaina a lokacin ban san shi ba. Jikin babbar kaza ya fi na mutum zafi. Namu digiri 37 ne a ma'aunin zafi, nata kuwa wajen 41. Gashinta kuma kamar bargo ya ke. In ta ji sanyi sai ta tayar da shi, iska ta shiga tsakaninsa ta tsaya, jikinta ya ɗumama iskar, zafin ya kasa fita. Shi tsako ba shi da wannan bargo. Abin da ke jikinsa ɗan lallausan gashi ne kamar auduga, wanda iska ke ratsawa nan da nan. Ga shi kuma ƙarami. Ku zuba kunu a ludayi, ku bar saura a tukunya, ku ga wanne zai riga hucewa. Haka ƙaramin jiki ya ke saurin zubar da zafinsa. Shi ya sa tsako kan yi ɗan kiwo kaɗan, ya sheƙo ya shige ƙarƙashin fiffiken uwarsa ya sha ɗumi, sa'an nan ya sake fitowa. Masu kiwon kaji da yawa, waɗanda 'yan tsakinsu ba su da uwa sam, su kan kunna musu fitila ko wuta. A makon farko su kan tsai da ɗumin wurin wajen digiri 33 zuwa 35, kowane mako su rage kamar digiri 3, har gashin gaske ya rufe jiki duka. Wannan kuwa ba ya cika sai wajen mako shida.

To, 'yan tsakina suka yi ta girma. Da suka kai mako huɗu kwandon ya yi musu kaɗan. Suka iya tsalle, suka iya hawa gefen kwando, wata rana ma ɗaya ya faɗa cikin ƙwaryar furar Iya. Ɗakin ya ɗauki wari, ga ƙurar ƙaiƙayi, Iya kuma ta soma tari da dare. Baba ya shigo gaishe ta wata safiya, ya ji tarin, ya dubi kwandon, ya kira ni waje. Ya ce, "Ɗakin tsohuwa ba akurki ba ne. Kai da wanka ku gina sabo mai ƙarfi, wanda muzuru ba zai iya da shi ba. Ran da Iya ta ce a fitar da su, ka fitar."

Muka kwaɓa laka da ramno, muka gina akurki a gindin katangar gidanmu. Kwana biyu muka yi a kansa. Muka yi masa bango mai kauri, da daɓen laka, da 'yar ƙofa wadda a ke toshewa da katako a danne da dutse. Ni na zaɓi wajen da ƙofar za ta fuskanta. Na juya ta ta dubi ƙofar ɗakinmu, don in riƙa hangen kajina ina kwance, ban kula ba cewa wajen nan shi ne arewa maso gabas. Da muka gama na zagaya shi ya fi sau goma. A ganina ko fadar sarki ba ta fi shi kyau ba.

Na ruga wurin Iya na ce akurki ya gamu, a ba ni 'yan tsakina. Ba ta ce mini kome ba. Ta sa hannu cikin kwando ta kamo ɗaya, ta ɗaga fiffikensa ta ce in duba. Fiffiken ya yi gashi sosai, wutsiya ma ta tsiro, amma ƙarƙashin fiffiken da tsakiyar baya da wuya da kai duk auduga ce, wani wurin ma fata ce tsirara. Ta ce, "Ka gani? Rigarsu ba ta gama ɗinkuwa ba. An yi hannu, ba a yi wuya ba. Ka ba su mako biyu ko uku, maigida, tarin nan ba zai kashe ni ba." Na ce to, amma a baki kaɗai. A raina cewa na yi tsofaffi sun faye tsoro. Ai ga su nan suna guje-guje a tsakar gida da rana, ba abin da ya same su.

Abin da ya ruɗe ni shi ne halin hunturu. Iskar hunturu daga hamadar Sahara ta ke busowa, ta wajen arewa maso gabas, tun daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu. Busasshiya ce, ba ta ɗauke da laima. Da rana tsaka, in hazo bai yi yawa ba, zafi kan kai wajen digiri 30, har mutum ya tuɓe rigar sanyi. Amma da rana ta faɗi sai ƙasa ta shiga sakin zafin da ta tara, ba girgije a sama da zai tare shi. Haka za ta yi ta hucewa dare duka, har da asuba ma'auni ya sauka zuwa digiri 13, wani lokaci ƙasa da haka. Watau tsakon da ke wasa cikin rana da azahar da wanda zai kwana a waje har asuba, kamar a gari biyu dabam su ke. Ni kuwa da yanayin azahar na yi musu hukunci.

Bayan kwana biyu, a makon farko na Janairu, aka zo aka tafi da Iya suna a wani ƙauye, aka ce sai gobe za ta dawo. Na ce yau ga dama. Ana kiran sallar magariba na ɗauki kwandon na kai bakin sabon akurki, na zura su ɗaya bayan ɗaya, su tara. Ko ƙaiƙayi ban shimfiɗa ba, don kada ya ɓata mini sabon daɓe. Na toshe ƙofa da katako, na danne da dutse. Katakon bai rufe ƙofar ruf ba, akwai kafa kamar faɗin yatsa biyu ta ƙasa, amma na ce muzuru ba zai bi ta nan ba. Muzuru kaɗai ke raina. Inna ta tambaye ni ko Iya ta yarda, na ce ai ta ga akurkin. Ba ƙarya na yi ba, amma ba gaskiya na faɗa ba, na kuwa san haka.

Cikin dare na farka. Iska na kaɗa zanan gida, ta ƙarƙashin ƙofa sanyi na shigowa har cikin bargona. Sai na jiyo su. Duk mai kiwon kaji ya san kukan tsako iri biyu ne. In yana jin daɗi ya kan yi ɗan ƙaramin sauti a hankali, kamar mai magana da kansa. In kuwa yana cikin wahala sai ya ɗaga murya da ƙarfi, ba tsayawa. Irin na biyun na ji. Na tashi zaune. Na tuna duhu, na tuna sanyin da ke tsakar gida, na tuna idon muzuru. Na ce wa kaina baƙunta ce kawai, za su saba. Na koma na ja bargo har kaina don kada in ji su. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni kunya cikin labarin nan duka, ya fi ma sabawar da na yi wa maganar Iya. Can wajen tsakar dare kukan ya ragu, na ji daɗi, na ce sun yi barci.

Da asuba Baba ya tashe mu salla. Ruwan buta kamar zai yanke mini yatsu. Ina sallamewa na ruga akurki na ɗauke dutsen. Ba wanda ya fito. Na durƙusa na leƙa, sai ga su can a kusurwar da ta fi nisa da ƙofa, sun hau kan juna sun yi tsibi ɗaya. Haka 'yan tsaki kan yi in sanyi ya matsa musu. Kowane yana neman ya shige tsakiya inda ɗumi ya ke, na waje su hau kan na ciki, na ƙasa kuwa su rasa numfashi. Na shiga ɗebe su ɗai ɗai. Shida na sama suna da rai, suna ta karkarwa. Biyu na can ƙasa sun mutu, an danne su sun baje. Na tara yana gefe shi kaɗai, a kwance, ƙafafu a miƙe, ido a rufe, jikinsa sanyi ƙalau.

Na fashe da kuka, na ɗauke shi zan haɗa da matattun. Ƙanwata ta sheƙo da ƙwarya ta ce a kifa masa a kaɗa, yadda yara kan yi wa tsakon da ya suma. Inna ta fito daga madafa ta karɓe shi, ta kara shi a kunnenta, ta duba bakinsa. Ta ce, "Ajiye ƙwaryar nan. Wannan ba kiɗa ya ke so ba, ɗumi ya ke so. Sa shi cikin rigarka, ya taɓa fatar cikinka, ka zauna kusa da murhu. Kada ka kai shi bakin wuta, a hankali a ke dawo da shi." Sauran shida ta mayar da su kwando ta ajiye gefen murhu. Na zauna da tsakon nan a cikina kamar na rungumi ɗan dutse. Kunu ya dahu, aka sha, ni ban motsa ba. Can sai na ji ɗan farce ya karce ni. Jim kaɗan na ji ƙaramin kuka daga cikin rigata. Ran nan na makara zuwa makaranta, na sha bulala biyu, ban ko ji zafinsu ba.

Iya ta dawo da hantsi, kafin in taso daga makaranta an riga an ba ta labari. Na shigo gida ina sanɗa, ina jiran faɗa. Ba ta yi faɗa ba. Ta kama hannuna ta kai ni bakin akurkin, ta ce in zura hannu in dafa daɓen. Na dafa, na ji shi da danshi da sanyi kamar gindin randa. Daga waje bangon ya bushe, amma laka mai kauri ba ta bushewa ta ciki a kwana huɗu. Sa'an nan ta ce in kwanta rubda ciki in sa fuskata daidai ƙofar. Na kwanta, iska ta watso mini ƙura a ido. Ta ce, "Ka juya musu ƙofa wajen da iska ke fitowa, ka kwantar da su bisa danshi, ga riga ba wuya. Ko ni ka kwantar a nan, da yanzu ana zaman makokina." Ta yi shiru kaɗan, ta ƙara da cewa, "Kuma sun kira ka." A nan ne na sunkuyar da kai.

Aikin da ya biyo baya bai da daɗin labari, amma shi ne aikin. Muka toshe tsohuwar ƙofar da laka, muka huda sabuwa ta wajen kudu. Muka huda 'yan ƙananan kafofi uku can sama kusa da rufi, domin kaji na bukatar iska mai shiga da fita, muddin ba a kansu ta ke busawa ba. Muka ƙona kara a ciki, muka bar shi a buɗe mako guda har daɓen ya bushe ƙaƙas. Wana ya kafa zana ta wajen arewa da gabas ta tare iska. Na zuba ƙaiƙayi mai kauri har ya rufe mini yatsu in na dafa, na kuma cika kusurwoyin da shi don kada su sami lungun da za su tsibu. Na ce ko mu sa musu kaskon garwashi a ciki, Iya ta hana. Ta ce ƙaiƙayi da wuta ba su kwana ɗaki ɗaya, kuma garwashi a rufaffen wuri ya kan fitar da wata iska mai guba wadda ba a gani, ba a jin warinta, tana kashe kaji, tana kashe mutum.

Su kuwa 'yan tsakin aka mayar da kwandonsu madafa, don Iya ta huta da tari. Kowace rana da hantsi in kai su sabon akurki, in zuba musu tsaki a ciki, su wuni suna shiga suna fita, da la'asar in mayar da su. Da dare kuma kowane kwana biyu in ɗan ƙara nisanta kwandon daga murhu. Iya ta hana su cuɗanya da kajin maƙwabta, gama hunturu shi ne lokacin annobar kaji, wadda kan share gari guda cikin 'yan kwanaki. Yanzu akwai rigakafinta, a kan ɗiga a ido ko a zuba cikin ruwan sha, ana ma yinsa a cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, kusa da Jos. A wancan lokaci mu a ƙauyenmu ba mu da abin yi sai tsarewa.

Da suka cika mako bakwai, wajen ƙarshen Janairu, Iya ta ce in kawo su. Ta kama su ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaga fiffike, tana shafa wuya da baya. Wanda ya suma ɗin nan shi ya fi su ƙanƙanta, shi ta fi daɗewa tana dubawa. Daga nan ta ce, "Riga ta ɗinku." Muka jira har bayan magariba, domin kaza ba ta gani sosai cikin duhu, inda aka ajiye ta nan ta ke lafewa. Iya ta sa aka dafa ruwa aka cika kwalba biyu, aka toshe su da kyau, aka naɗe da tsumma, na binne su rabi cikin ƙaiƙayi a tsakiyar akurkin. Na zura kajin, na rufe ƙofa da sabon katako wanda ya zauna daidai.

Daren nan da fitilar Baba na kwana a gefen tabarmata. Sau uku na fita. Na farko bayan lisha, na kasa kunne, na ji 'yar ƙaramar muryar nan ta jin daɗi. Na biyu da tsakar dare, na ɗan zame katakon na haska. Suna kwance kewaye da kwalaben, kusa da juna amma ba wanda ya hau wani, kowane ya tayar da gashinsa ya zama kamar dunƙulen auduga, ya cusa kai cikin fiffike. Na uku gab da asuba, lokacin da sanyi ya fi tsanani. Haƙorana na haɗuwa, na zura hannu cikin akurkin, na ji ya fi tsakar gida ɗumi nesa ba kusa ba. Wani ya sare ni a yatsa don na dame shi.

Da rana ta fito na ɗauke dutsen. Suka fito a guje suna miƙe fiffike, ina ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya, biyu, har bakwai. Iya na zaune bakin ƙofarta lulluɓe da mayafi tana shan hantsi. Na ce, "Iya, bakwai cif!" Ta ce, "Na ji, ai ba kurma ba ce ni. Jeka ɗebo musu gara, maigida. Akuyar nan da sauran tafiya."